Zabon Kurmi: Rabe-rabensa da Asalin Sunayensa na Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san zabo na gida da na daji, mai zane-zane da yawan kuka. Amma a cikin kurmin Afirka akwai wasu ƴan'uwansa guda biyu da ba a ganin su a ƙasar Hausa. Masana kimiyya na kiran ɗaya Agelastes meleagrides, ɗayan kuma Agelastes niger. Ɗalibin da ya ga kalmar niger zai iya fassara sunan da "zabon Nijar", alhali tsuntsun ba ya zama a Nijar ko kaɗan. Wannan takarda za ta nuna matsayin tsuntsayen biyu a rabe-raben halittu, sannan ta feɗe sunayensu yadda ake feɗe kalma a darasin ginin kalma.

2.0 Tsuntsayen da mazauninsu

Agelastes meleagrides shi ne zabo mai farin ƙirji. Tsawonsa ya kai kimanin santimita 45. Jikinsa baƙi ne, ƙirji da gindin wuya farare, kansa ja ne kuma ba gashi. Ana samun sa a kurmin Saliyo da Laberiya da Kodebuwa da Gana, kuma gandun dajin Taï na Kodebuwa na cikin manyan mafakarsa.

Agelastes niger shi ne baƙin zabo. Mazauninsa ya taso daga kudu maso gabashin Najeriya, ya bi ta Kamaru da Gabon har cikin ƙasashen Kwango biyu.

Dukansu a ƙasa suke kiwo. Suna yawo garke-garke a ƙarƙashin manyan itatuwa, suna tonon busassun ganye don neman gara da sauran ƙwari da ƴaƴan itace. Ba su da ƙahon nan na kan zabon gida, amma suna da tsini a bayan ƙafa irin na zakara.

3.0 Rabe-rabe

Masana na jera halittu mataki-mataki, daga babban taro zuwa ƙarami. A nan an zaɓi kalmomin aji, rukuni, dangi, gida da iri don matakan, an bar kalmar jinsi ga ma'anarta ta nahawu.

Aji: Aves, wato dukan tsuntsaye.
Rukuni: Galliformes, masu siffar kaza. A Latin gallus zakara ne, forma kuma siffa. Kaza da fakara da ɗawisu da talotalo duk suna nan.
Dangi: Numididae, wato zabi, waɗanda asalinsu duka Afirka ne.
Gida: Agelastes. Sauran gidajen dangin uku ne: Numida, Guttera da Acryllium.
Iri: meleagrides da niger.

Matakai biyu na ƙarshe su ne ke haɗuwa su ba da sunan kimiyya. Sunan gida ke zuwa farko da babban baƙi, na iri ya biyo da ƙaramin baƙi. Wannan tsari ya kafu ne a fannin dabbobi da littafin Systema Naturae na Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, bugu na 10, a shekarar 1758.

4.0 Asalin sunayen

4.1 Agelastes

Charles Lucien Bonaparte, ɗan ƙanen Napoleon, shi ya raɗa wannan suna a 1850. Kalmar ta fito daga Girkanci, kuma ƙwayoyin ma'ana biyu ne ke ɗauke da ita: ɗafa-goshin a- mai nuna korewa, da saiwar gel- ta aikatau mai ma'anar yin dariya. Ke nan ma'anarta "marar dariya", ko mai murtuke fuska. Aikin da a- ke yi a nan shi ne wanda "marar" da "rashin" ke yi a Hausa.

4.2 Meleagrides

Girkawan dauri na kiran zabo meleagris. A cikin tatsuniyoyinsu akwai wani jarumi mai suna Meleagros. Da ya mutu, ƴan'uwansa mata suka yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, har gunkiya Artemis ta mayar da su zabi. Ana cewa fararen ɗigon jikin zabo hawayensu ne. Su waɗannan mata ake kira Meleagrides. Saboda haka sunan zabo mai farin ƙirji ya haɗa marar dariya da masu makoki a wuri guda.

Kalmar meleagris ta bayyana a sunayen wasu tsuntsaye biyu. Zabon gida shi ne Numida meleagris. Numida na nufin mutumin Numidiya, tsohuwar ƙasa da ke inda Aljeriya da wani yanki na Tunisiya suke a yau, domin Rumawa na danganta tsuntsun da can. Talotalo kuwa shi ne Meleagris gallopavo. Asalinsa nahiyar Amurka ne, Girkawan dauri ba su taɓa ganin sa ba. Turawan ƙarni na 16 sun riƙa rikita shi da zabo, Linnaeus kuma ya ba gidansa sunan zabo a 1758, sunan ya zauna har yau.

4.3 Niger

A Latin, niger sifa ce mai ma'anar "baƙi". Tana canza siga bisa jinsin sunan da take siffantawa: niger ga namiji, nigra ga mace, nigrum ga jinsi na uku wanda Hausa ba ta da shi. Haka Hausa ke yi a "baƙin zabo" da "baƙar zabuwa". Tunda Agelastes namiji ne a nahawu, sai aka ce niger. Sunan ƙasar Nijar kuwa daga kogi ya fito.

Idan ana son danganta halitta da wuri, ɗafa-ƙeyar -ensis aka fi amfani da ita. Ɗawisun kurmin Kwango, wanda James Chapin ya bayyana a 1936, sunansa Afropavo congensis. Tsohuwar dabbar nan da aka haƙo ƙasusuwanta a Gadufawa cikin jihar Agadas ita ce Ouranosaurus nigeriensis. Wannan ce ke ɗauke da sunan Nijar, ba baƙin zabo ba.

5.0 Abin da baka-biyu ke nunawa

A littattafai ana rubuta Agelastes niger (Cassin, 1857), amma Agelastes meleagrides Bonaparte, 1850. Bambancin ba kuskuren ɗab'i ba ne. John Cassin, masanin tsuntsaye na Filadelfiya a Amurka, ya fara sa baƙin zabo a wani gida na daban da ya kira Phasidus. Daga baya masana suka ga kusancinsa da zabo mai farin ƙirji, suka mayar da shi Agelastes. Baka-biyun na shaida cewa an yi masa sauyin gida. Sunan iri bai canza ba, domin ƙa'idar raɗa wa dabbobi suna ta fifita sunan da ya riga fitowa, kuma ba a soke suna don kawai ma'anarsa ba ta dace ba. Dalilin da ya sa talotalo ke riƙe da sunan zabo ke nan.

6.0 Kammalawa

Sunan kimiyya lamba ce ta shaida, ba bayanin tsuntsu ba. Ma'anarsa kan nuna launi, ko wuri, ko tatsuniya, ko ma kuskuren magabata. Don haka mai fassara ba ya juya shi zuwa Hausa, sai dai ya bar shi yadda yake ya kawo sunan Hausa kusa da shi. Abin ya wuce ƙa'idar rubutu. Ƙungiyar IUCN ta sa zabo mai farin ƙirji cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda saran kurmi da farauta. A harshen yau da kullum zabo zabo ne, na gida kuwa ya cika kasuwa. Sunan kimiyya ne ke tantance wanda ke bukatar kariya.

7.0 Aikin yi

1. A raba kalmar Galliformes zuwa sassanta, a faɗi ma'anar kowane sashe.
2. A kawo sifofin Hausa biyar masu canza siga bisa jinsi, kamar baƙi da baƙa.
3. A bayyana dalilin da ya sa "zabon Nijar" ba fassarar Agelastes niger ba ce.