Motar da Ake Cewa Tana Kwana Ta Tashi da Sabon Hankali

Labarin ya riga motar isowa. A tashar Bagudo, ko a teburin mai shayi a Kaoje, ko a inuwar da direbobi ke hutawa a Tsamiya kafin su tsallaka Segbana, ba wuya a ga mutum uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon wani Bature ko ɗan Sin ya harɗe hannuwa a ƙirji, sitiyari yana juya kansa. Bidiyon na ƙarewa sai sharhi ya ɓarke. Wani ya ce motar lantarki ce, kamfani ke turo mata sabuwar manhaja da dare, gari ya waye ta iya tuƙi fiye da jiya. Wani ya ce ai nan da 'yan shekaru direba ya nemi wata sana'a. Na uku ya ce shi ko kyauta ba ya so, domin wanda ya iya gyara ta daga nesa ya iya kashe ta daga nesa.

Mutanen wannan yanki ba baƙin mota ba ne. Shekara da shekaru 'yar Kwatano ke hawowa ta Parakou da Kandi, har Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Dillalin da ya yi wannan zamani yana gane injin da aka taɓa buɗewa daga jin ƙararsa kawai. Amma wannan sabon al'amari ba a jin sa da kunne, shi ya sa gaskiya da ƙarya suka cakuɗe a cikinsa.

Da farko akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar. Mota mai aiki da lantarki daban, mota mai taimaka wa direba tuƙi daban. Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas, wadda aka ƙaddamar a Abuja a Fabrairun 2021 lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, direba ke tuƙa ta kamar kowace mota.  Haka baburan Spiro da 'yan kabu-kabun Kwatano ke musanya wa batir, ba ruwansu da tuƙa kai. A ɗaya gefen kuma, tsarin Super Cruise na kamfanin General Motors, mai barin direba ya saki sitiyari, a kan Cadillac mai shan fetur ya fara fitowa. Abin da ya haɗa su shi ne kamfanonin motar lantarki, musamman Tesla da na Sin, su suka fi gina motarsu kamar waya, wadda ake sabunta wa manhaja ta intanet.

To, cewa mota na canza hali a dare ɗaya, wannan gaskiya ne. A Oktoban 2015 masu Tesla Model S suka sauke manhaja mai lamba 7.0, sai motar da jiya ba ta iya riƙe layi da kanta ta fara riƙewa. Misalin da ya fi ba bakanike mamaki ya faru ne a Mayun 2018. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada birkin Model 3 a gudun mil 60, wato kusan kilomita 97 a awa, ta ga sai da motar ta ci ƙafa 152 kafin ta tsaya, ta ce ba za ta shawarci kowa ya saya ba. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya tura gyara ta iska. Aka sake gwadawa, ta tsaya a ƙafa 133. Ba a kwance taya ba, ba a canza faifan birki ba, lissafin da kwamfuta ke yi wajen matse birkin kawai aka sauya. Ƙafa 19 ɗin nan kusan mita shida ne, ya fi tsawon motar kanta, kuma duk wanda saniya ta taɓa faɗo masa kan titi bayan magariba ya san darajar mita shida.

Amma daga nan zuwa cewa motar ta zama direba, akwai tafiya mai nisa. Injiniyoyi sun raba sarrafa kai na mota zuwa mataki shida, daga 0 zuwa 5. Autopilot na Tesla, da BlueCruise na Ford, da Super Cruise, duk a mataki na 2 suke: mota na riƙe layi, tana ƙara gudu tana ragewa, amma idon mutum dole ya kasance a kan hanya, kuma alhakin duk abin da ya faru yana wuyansa. Ko tsarin da Tesla ya raɗa wa suna mai nuna cikakken tuƙin kai, a 2024 sai da aka liƙa masa kalmar da ke nufin ana sa masa ido. Mercedes ya samu izinin mataki na 3 a Jamus a Disambar 2021, shi ma da sharaɗi: kan babbar hanya, cikin cunkoso, kada gudu ya wuce kilomita 60 a awa.

Ƙasar Sin ta ɗanɗana kuɗar wannan ruɗani. Ranar 29 ga Maris 2025, a lardin Anhui, wata Xiaomi SU7 tana tafiya da tsarin taimakon tuƙi a gudun kilomita 116 ta iso wurin da ake gyaran hanya. Ta yi gargaɗi, direbar ta karɓi sitiyari, amma daƙiƙu kaɗan suka rage. Motar ta daki shingen kankare, ɗalibai mata uku suka rasu. A watan da ya biyo baya hukuma ta tara kamfanoni ta hana su tallata motocinsu da kalmomin tuƙin kai, ta kuma ƙara tsaurara sharuɗɗan tura irin wannan manhaja ga motocin da ke hannun mutane. A Satumba Xiaomi ya yi kiranyen motoci 116,887, gyaran kuma ta iska aka yi shi.

Sai kuma zancen da ya fi kama da gaskiya alhali shi ya fi yaudara, wai kowane sabuntawa ci gaba ne. Mai wayar da ta taɓa fara shan caji bayan an sabunta ta zai fahimci wannan da sauri. Ranar 23 ga Oktoba 2021 Tesla ya saki manhajar gwaji mai lamba 10.3. Washegari motoci suka riƙa taka birki da ƙarfi babu komai a gabansu. Kamfanin ya janye ta, ya tura gyara cikin kwana biyu, aka rubuta kiranyen motoci 11,704. A shekarar ne kuma ya daina saka rada a Model 3 da Model Y na Arewacin Amurka, ya dogara ga kamara zalla. Zuwa Fabrairun 2022 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta tara ƙorafi 354 kan birkin da babu dalili, ta buɗe bincike kan motoci kusan 416,000. A watan dai aka tilasta cire wata dabara da aka saka da gangan, wadda ke barin mota ta silale ta wuce alamar tsayawa ba tare da ta tsaya cak ba, a motoci 53,822. Wato ɗabi'ar direban da ya raina doka aka koya mata, daga baya aka hana ta.

Wani lokaci sabuntawar rage wa mota 'yanci take yi. A Disambar 2023 Tesla ya yi kiranyen motoci sama da miliyan biyu domin ƙara gargaɗi ga direban da hankalinsa ya bar hanya. Masu motoci da yawa sun yi ƙorafin ta cika damu. Hukumar kuwa a Afrilun 2024 ta sake buɗe fayil, domin ta samu rahoton haɗurra 20 a motocin da aka riga aka yi wa gyaran. Batir ma bai tsira ba: sabuntawar 2019 ta rage ƙarfin cajin wasu tsofaffin Model S, har kamfanin ya amince ya biya masu motoci 1,743 dala 625 kowannensu.

Duk wannan a hanyoyin da aka rubuta manhajar dominsu ne. A ɗauko ta a ɗora kan hanyar Bagudo zuwa Tsamiya, lissafi ya sake canzawa. Kamara farin layi take bi, a tsakiyar kwalta da gefenta. Inda layi ya goge ko yashi ya rufe shi, ta rasa jagora. Ga hazo. A Oktoban 2024 hukumar Amurka ta buɗe bincike kan motocin Tesla miliyan 2.4 bayan haɗurra huɗu da suka faru cikin hasken rana mai kashe ido, ko hazo, ko ƙura. A ɗaya daga ciki, a jihar Arizona, an kashe mai tafiya a ƙasa. Abin da ke zuwa musu jefi-jefi, a Kebbi shi ne yanayin sararin sama daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da rana ke fitowa kamar faifai kuma gilashin da aka goge da asuba ya yi fari kafin hantsi.

Sannan manhaja abin da aka nuna mata ta sani. A 2017 injiniyoyin Volvo suka gano cewa tsarinsu mai gane manyan dabbobin dajin Suwidin yana rikicewa da kangaru a Ostireliya, saboda tsallensa na ɓata masa awon nisa. Da Tesla ya kai tsarinsa Sin a Fabrairun 2025, direbobi sun yi ta nuna yadda yake shiga layin bas da na keke yana jawo tara. To ina ga hanyar da tirela in ta lalace ake jera ganyen darbejiya a kwalta maimakon alama, ko inda karen mota ke leƙo da hannu yana cewa a wuce ko a dakata, ko ganga da katako a shingen jami'ai, ko amalanken jaki babu fitila? Direban Kaoje yana karanta waɗannan ba tare da ya san karatu yake ba. Super Cruise da BlueCruise ma ba sa barin a saki sitiyari sai kan hanyoyin da kamfani ya riga ya zana taswirarsu, kuma Najeriya da Benin ba sa cikin ƙasashen da Tesla ya buɗe wa babban tsarinsa.

Saura tsoron kashe mota daga nesa, wanda rabinsa ƙarya ne. Ba intanet ke tuƙa motar ba, kwamfutar da ke cikinta ce. In sabis ya ɗauke tsakanin ƙauye da ƙauye, kamar yadda yake yi wa waya kusa da iyaka har ta kama layin Benin, motar ba za ta tsaya ba. Sauke sabuwar manhaja da taswira ne kawai zai jira. Sabuntawa kuma ba ta hawa sai mota na tsaye. Matsalar ita ce in ta fara, ba a motsa motar sai ta gama. A Janairun 2019 wata motar NIO ta maƙale fiye da awa ɗaya a titin Chang'an na Beijing, mutanen ciki ba su iya ko sauke gilashi ba, saboda an danna sabuntawa cikin cunkoso. A Nuwambar 2023 wani kuskure a kamfanin Rivian ya sa aka tura manhajar da ta kashe allon gaban wasu motoci. Batun masu kutse ma ba tatsuniya ba ne: a 2015 masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun shiga wata Jeep ta intanet tana kan hanya, abin da ya sa Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci miliyan 1.4.

Rabin da ke gaskiya shi ya fi shafar mai sayen ta hannu. Kamfani na iya ƙarawa, yana iya ragewa. A Satumbar 2017, da guguwar Irma ta tunkari Florida, Tesla ya buɗe wa wasu motoci sauran batirin da aka kulle da manhaja domin masu su su tsere. A farkon 2020 kuma wani da ya sayi Model S ta hannu ya tarar an cire mata Autopilot daga nesa, wai ba a biya kuɗinsa ba, sai da labarin ya bazu aka mayar. Motocin da inshora ta rubuta a matsayin waɗanda suka yi mummunan hatsari, irin waɗanda ake gwanjo a Amurka a loda su jirgi zuwa Kwatano da Legas, kamfanin ya sha toshe musu caji mai sauri a tashoshinsa. In an canza musu gilashin gaba ko bamba a gareji, kamarorin na bukatar a sake daidaita su, in ba haka ba motar na ganin layi inda ba nan yake ba. Tsohuwar kwamfuta kuma manhaja ba ta mayar da ita sabuwa: a Janairun 2025 Elon Musk, shugaban Tesla, da bakinsa ya amsa cewa motocin kamfanin masu kwamfutar ƙarni na uku sai an canza musu ita. Waɗanda suka sayi Fisker Ocean kuwa, kamfanin ya durƙushe a Yunin 2024, suka koma haɗa ƙungiya domin neman mai ci gaba da kula da manhajar motocinsu.

Saboda haka ɗan kasuwar Bagudo da aka turo wa hoton irin wannan mota daga Kwatano, bayan ya tambayi lafiyar batir da takardun kwastan, akwai wasu tambayoyin da dillalin wancan zamani bai taɓa ji ba: da sunan wa asusun motar yake a wajen kamfani, an rubuta ta cikin masu hatsari ko a'a, wace kwamfuta ce a ciki, kuma yaushe rabon ta da karɓar sabuntawa. Lambar manhajar tana nan a allon gaba, ana iya sa dillali ya ɗauki hotonta ya turo kafin a biya kafin alƙalami.