Na'urar Rage Ƙarar Bindiga: Abin da Fim Bai Faɗa Ba

A finafinan Amurka, ɗan bindiga yakan ɗaura wani ƙaramin bututu a bakin bindigarsa, ya yi harbi shiru, ko maƙwabci bai ji ba. Wannan almara ce.

Hiram Percy Maxim ne ya yi rajistar na'urar a Amurka a 1909. Cikinta ɗakuna ne ƙanana a jere. Iskar da ke fitowa da ƙarfi bayan harsashi sai ta bi ɗakunan nan, ta huce, ta rage gudu kafin ta fito. Ƙarar bindigar farauta kan kai desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, na'urar kuma tana rage kusan 20 zuwa 35 ne kawai. Harsashin da ya fi sauti gudu kuwa, tsawarsa tana nan daram.

A 1934 Amurka ta ɗora mata harajin dala 200, kuɗi mai yawa a wancan zamani. A Finland da Norway kuwa, mafarauta da masu gasar harbi daga nesa sun ɗauke ta kayan kare kunne. Suna da gaskiya, domin kurumtar da ƙarar bindiga ke jawowa ba ta warkewa.