Lambun da ke janyo malam-buɗe-littafi ya kori kurege

Duk shekara idan damina ta fara ja da baya, wajen Satumba zuwa Oktoba, wani baƙo kan sauka a yankin Sahel ba wanda ya lura da shi. Nau'in malam-buɗe-littafi ne mai fukafukai ruwan lemo da ɗigo-ɗigon baƙi da fari, masana na ce masa Vanessa cardui. Daga Turai yake tasowa, ya haye Bahar Rum da hamadar Sahara, ya iske ganyen da ruwan sama ya bari shar, ya zuba ƙwai. Zuriyarsa ce ke juyawa arewa daga baya. A 2013 ma an tsinci wasu daga cikinsu a gaɓar teku a Gayana ta Faransa, can Kudancin Amurka, bincike kuma ya nuna daga Afirka ta Yamma suka tashi suka ƙetare Tekun Atlantika, tafiyar kilomita 4,200 ko fiye.

Halittar da ke irin wannan tafiya ta cancanci masauki a lambunanmu, ga shi tana taya ƙudan zuma kai ƙwayar fure daga wannan tsiro zuwa wancan. Sai dai masu lambu da yawa sun ɗauka furanni kaɗai ne ke kawo malam-buɗe-littafi. Ruwan zaƙin fure abincin babba ne. 'Ya'yansa kuwa tsutsotsi ne masu cin ganye, kuma kowane nau'i da irin ganyen da yake ci. Uwar da ƙafafunta take ɗanɗano: sai ta sauka kan ganye, ta ɗan bubbuga shi, in ba wanda 'ya'yanta ke ci ba ne ta tashi abinta.

Tumfafiya, wadda ake sarewa a wurgar, ita ce abincin tsutsar Danaus chrysippus, wannan mai ruwan lemo da ake yawan gani a bayan gari. Tsutsar na cin ganyen da dafinsa, ta adana dafin a jikinta, har tsuntsu ya ƙi taɓa ta ko bayan ta yi fukafukai. Barin tumfafiya ɗaya a lungun lambu ya isa, amma nesa da yara, don farin ruwanta na cutar da ido.

Bishiyar lemo ma tana da nata baƙon, Papilio demodocus, babba mai baƙi da ɗigon rawaya. Tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take a kan ganye, ba mai kula ta. Idan ta girma sai ta koma koriya, in an taɓa ta kuwa ta fiddo wasu ƙahoni biyu masu wari daga bayan kanta. A nan ne ake ɓarna: mai lambu ya ga ganye ya ɓule, ya ɗauko maganin feshi ya gama da su baki ɗaya. Babbar bishiya ba ta jin 'yan ganyen da suka ci. Dashe ƙarami ne ke buƙatar kariya, shi ma a tsince tsutsar da hannu a mayar kan babba.

Sauran buƙatun ba su da wuya: rana, wurin da iska ba ta kaɗawa sosai, da ɗan fili mai laima, don mazan kan taru a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa suna tsotsar gishiri.

Kurege kuma wani lamari ne. A rami yake zama, sau da yawa a tsohon suri ko ƙarƙashin tarin duwatsu, da rana yake fita kiwo, ya tone irin gyaɗa da masara tun ba su tsiro ba, ya taɓa rogo da dankali. Wanda haushi ya kama yakan zuba shinkafar ɓera, amma kaji da kyanwa na iya riga kuregen ci, shahon da ya ɗauki mushen shi ma ya mutu, alhali shi ne ke rage ɓeraye kyauta.

Abin da ya fi aiki shi ne ragar waya irin ta kejin kaji. A shimfiɗa ta kan bedi da zarar an yi shuka, a binne gefenta cikin ƙasa tunda gwanin tono ne, a ɗaga ta sama idan tsiro ya fito. Garin barkono ma na taimakawa: sinadarin da ke sa shi yaji na ƙona bakin kurege, tsuntsaye kuwa ba sa jin sa. A ƙasa ake barbaɗa shi, ba kan fure ko ganyen da tsutsa ke ci ba, kuma ban-ruwa na wanke shi, dole a riƙa sabuntawa har shukar ta yi ƙarfin da kurege zai daina tonon ta.