Wasan Kwaikwayo a Farkon Zamanin Talbijin

A shekarar 1930 aka nuna wani wasan dandamali na Pirandello, marubucin Italiya, a talbijin a birnin Landan, kai tsaye. A ƙasarmu kuwa, Ibadan ta buɗe tasha a 1959, nan Kaduna kuma a 1962.

To, mene ne kai tsaye? Wato ana yin wasan ana watsa shi a lokaci guda, domin na'urar naɗar hoto ba ta wadata ba. In ɗan wasa ya manta maganarsa, ba damar sakewa, bakin alƙalami ya bushe. Sa'an nan a dandamali mai kallo ke zaɓar inda zai sa ido, amma a talbijin kyamara ke zaɓar masa.

Babbar hasarar ita ce, wasan da ba a naɗa ba, da an tashi ya bi iska. Dubi Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi: a rediyo aka fara jin sa, amma don an buga shi a 1959, har yau ɗalibai na nazarinsa. Saboda haka adana ayyukan tashoshinmu nauyi ne a wuyanmu duka.