Me Ya Sa Suke Kama Kifi Su Mayar Da Shi Ruwa?

Duk sanda irin bidiyon nan ya faɗo wayoyinmu, sai gardama ta kaure. Bature tsaye a kogi, ruwa iya gwiwa, tsaunuka a bayansa, ya sha fama ya kamo kifi, an ɗauke shi hoto, sannan ya sake shi ya tafi. Wasu su ce ƙoshi ne, wasu su ce wasa da abinci ne, har da masu cewa kifin na da guba. Kifin nan, tirawut, ana cinsa sarai. Zargin wasa da abinci ne ya fi damuna, domin ya juya gaskiya a baibai.

Mu ɗauki kogin Madison na jihar Montana a Amurka, wanda ya taso daga gandun dajin Yellowstone. Baƙo kan biya ɗan jagora ɗaruruwan daloli don fatsar yini guda. Ba a sa tana a ƙugiya. Da gashin tsuntsu da zare ake ɗaure ta har ta yi kama da ƙwaron da kifin ke ci. Gwanintar ɗan jagora ita ce ya san wane ƙwaro ne ya ƙyanƙyashe yau, da bayan wane dutse kifi ya laɓe. Abincinsa da na masu masauki da masu shaguna a garin Ennis duk yana cikin kogin nan. Ranar da kifi ya ƙare, baƙi sun ƙare.

A da, hukuma kan zuba kifin kiwo a kogunan jihar don masu fatsa su samu na kamawa. Wani masanin kifi, Dick Vincent, ya gwada daina zubawa a wani sashe na Madison, sai kifin da ake haifa a kogin ya ƙaru. Ashe baƙin kifin takura wa 'yan gida suke yi. A 1974 Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta. Tun daga nan kogi ke haifar kifinsa da kansa, don haka kowace uwa da aka saki iri ce aka mayar rumbu. Wane manomi ne ke tuƙa tuwo da irin baɗi? Wace mai kiwo ce ke yanka kazar da ke kwanci? Ga dalilin sakin nan.

Sai dai saki kaɗai ba ya tsirar da kifi. Shi ya sa ɗan jagora ke danne ƙayar ƙugiya don ta fita da sauƙi, ya sa baƙo ya jiƙa hannu kafin ya taɓa kifin, kada ya goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta.

Babban makashin kuwa zafi ne, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Muna ɗauka ruwa ruwa ne. Kifi iskar oksijin da ta narke a ruwa yake shaƙa, ruwa kuma yana ɗumi yana sakin iskarsa. Tsakanin digiri 10 da digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar ke gushewa. Buɗe lemon kwalba ka ajiye a rana, ka ga yadda gas ɗinsa ke tsiyayewa. Ɗora tukunya a wuta, ka ga ƙananan kumfa na tasowa tun ruwan bai tafasa ba. A daidai lokacin kuma jikin kifin ya fi buƙatar iska, domin ɗumi na hanzarta aikin jikinsa. Kamar mutum ne ya gama dambe da tsakar ranar bazara, aka tura shi ɗaki cike da jama'a, aka rufe taga. Irin wannan kifi zai bar hannunka yana iyo, ya je ya mutu inda ba ka gani. Tarwaɗarmu na iya shaƙar iskar sarari, ta rayu cikin taɓo. Tirawut ba shi da wannan baiwa.

Saboda haka a Montana, idan zafin kogi ya kai kimanin digiri 23 kwana uku a jere, hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare. Wasu 'yan jagora ba sa ma jiran sanarwa. Ma'aunin zafi na aljihunsu, da ruwa ya haura digiri 20 sai su naɗe zare.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Argungu, ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya ɗauka. Amma a wasu rafukanmu yau, gidan sauro ya zama taru, yana kwashe har 'ya'yan kifi, wasu ma maganin ƙwari suke zubawa. Dokokin hana haka suna nan a rubuce, masu sa ido ne ba a cika gani a bakin ruwa ba.

Masunta da sarakunan ruwa, ku bar wa kogi irinsa. Mu kuma masu saye, mu daina karɓar kifin da bai kai ɗan yatsa ba.