CIWON MAHAIFA DA KE KAMA HANJI

Ana roƙon Hakimai da malamansu su karanta wannan takarda, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwanni abin da ke ciki.

Akwai wata cuta ta mata wadda likitoci ke kira endometiriyosis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana samun mace 1 cikin 10 na matan da ke shekarun haihuwa. Asalinta shi ne, nama irin wanda ke shimfiɗe cikin mahaifa ya tsiro a waje, wani lokaci a jikin babban hanji, galibi kusa da dubura. Duk wata, in haila ta zo, shi ma sai ya kumbura ya yi jini. Da yake jinin ba shi da mafita, sai wurin ya yi tabo, har hanji ya kan ƙuntata.

Alamunta su ne zafi mai tsanani wajen bayan gida, da kumburin ciki, da gudawa ko taurin bayan gida, wani lokaci da jini. Sau da yawa a kan ɗauka basir ne ko atuni. Abin da ke bambanta su shi ne, wannan ta fi tsananta lokacin haila. Ta kan kuma jinkirta haihuwa.

Likitan mata zai yi tambaya, ya duba, ya ɗauki hoton ciki. In da bukata, a kan zura ƙaramin madubi ta cibiya a ga wurin. Magani iri uku ne: na rage zafi, da ƙwayoyi ko allurar da ke tsai da haila, da kuma fiɗa. Wajen fiɗa a kan kankare naman, ko a yanke guntun hanjin da ya lalace a haɗe sauran. Har yanzu babu maganin da ke raba mace da ita ƙwata-ƙwata, amma ana samun sauƙi ƙwarai.

Wannan cuta ba sammu ba ce, ba a kuwa ɗaukarta daga wani. Lalle a gargaɗi magidanta kada su ɗora wa mace laifi, ko su sake ta don rashin haihuwa. Su kai ta asibiti da wuri, a tura ta babban asibiti irin na Shika ko na Malam Aminu Kano. Wadda cikinta ya kumbura, ga amai, bayan gida ya tsaya, a kai ta a ranar, kada a kwana.