Aikin Ma'aikacin Gidan Adana Kayan Tarihi

Mutane da yawa suna zaton aikin gidan adana kayan tarihi bai wuce gadi da share ƙura ba. Alhali kuwa sana'a ce mai ƙa'idoji, wadda sai an koya kafin a iya.

Asalin aikin

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumi na yumɓu a ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba da ke arewa da Keffi. Bincike ya nuna cewa irin waɗannan kaya sun haura shekara 2,000. Domin adana su da makamantansu aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, bisa jagorancin Bernard Fagg. A 1963 aka kafa makarantar horar da ma'aikata a Jos ɗin tare da taimakon UNESCO, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka suka yi karatu da Turanci da Faransanci. A 1979 kuma Dokar Soja mai lamba 77 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Abin da ma'aikaci yake koyo

Da fari, rajista. Kowane abu da ya shigo akan ba shi lamba, a rubuta inda aka samo shi, da wanda ya kawo, a auna shi, a ɗauki hotonsa. Abin da ba a san asalinsa ba ya yi asarar rabin amfaninsa.

Na biyu, kariya. Gara tana cin itace da takarda, laimar damina tana kawo tsatsa da funfuna, bushewar hunturu tana tsaga fata, hasken rana kuma yana kashe launin tufafi. Kowanne da maganinsa.

Na uku, ilmantarwa. Wajibi ne ma'aikaci ya iya yi wa ɗan makaranta da dattijo bayani da harshen da za su fahimta.

Haƙƙin jama'a

A gidajen Keffi da kewayenta akan gaji takubba, da alluna, da wasiƙun ajami na kakanni. Haka nan manomi a Jigwada yana iya cin karo da tsohuwar tukunya ko mutum-mutumi a gonarsa. Idan haka ta faru, kada ya tono shi, kada ya wanke, domin ƙasar da ke kewaye da shi ita ce take nuna shekarunsa. Sai ya sanar da mai unguwa ko hakimi, su kuma su isar wa Hukumar.

Doka ta hana cinikin kayan tarihi, da fitar da su daga Nijeriya, ba tare da izini ba. Kuɗin da dillali zai bayar kwana kaɗan ne su ƙare, amma abin da ya ƙetare teku da wuya jikoki su sake ganinsa. Saboda haka ana kira ga sarakuna, da malamai, da iyaye, su ba ma'aikatan nan haɗin kai, su kuma ƙarfafa wa matasa gwiwar koyon wannan sana'a.